Igiyar Aure Daban, Igiyar Bashi Daban

Daga an fara sussukar gero har a kwashe shinkafar fadama, sallama ba ta yankewa a ƙofar gida. Wanda ya ba da taki a farkon damina, da wanda ya auna wa maigida tiya goma ta dawa a watan Agusta da rumbu ya yi ƙasa, da mai kantin da aka yi ta ɗaukar sabulu da omo a wurinsa, kowa ya san hatsi ya shigo. In maigida yana nan, magana ce ta maza a zaure. In kuwa ya tafi ci-rani Legas, ko tsoron 'yan bindiga ya kore shi zuwa Talata Mafara neman inda zai raɓa, sai a aika yaro cikin gida a ce ana sallama da uwargida. Abin da ake faɗa mata kuma kusan ɗaya ne daga Damaga har Bakura: "Ai ke da shi duk ɗaya ne. Ga akuyarki nan a ɗaure, a sayar mana."

Ƙannena, ku da aka ɗaura wa aure bara ko bana, da ku da ake haɗa wa lefe yanzu, ku ji amsar tun da wuri. Ɗaurin aure ba ya ɗora wa mace bashin mijinta, ba ya kuma ɗora wa namiji bashin matarsa. Ranar da waliyyai suka zauna aka yanka sadaki, shaidu suka shaida, abin da aka ƙulla zaman aure ne da haƙƙoƙinsa. Ba wanda ya haɗa aljihun ango da ƙullin zanen amarya. Akuyar da uwarta ta ba ta tata ce, haka ribar ƙuli-ƙulinta da man gyaɗarta, haka gonar da ta gada a wurin mahaifinta. Wanda ke bin mijinta kuɗin taki ba shi da hanya zuwa ga ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Wannan ba sabon zance ba ne da ya zo da boko. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamanmu, Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Shehu Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim wadda alƙalai ba sa rabuwa da ita, duk a kan wannan suka ginu: kowane baligi mai hankali wuyansa daban, dukiyarsa daban. Da su ake yanke hukunci a kotunan shari'a na jihar nan, waɗanda aka faɗaɗa huruminsu bayan Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999. Tun kafin wannan rana ma, aure da gado da bashi na Musulmi a gaban alƙali suke. Ingila ce ma ta yi lattin isowa nan. Can da, mace na yin aure dukiyarta ta koma hannun miji, bashinta ma ya hau kansa, sai dokokin 1870 da 1882 suka raba. A Faransa da wasu jihohin Amurka irin su Kalifoniya da Tekzas, har yau abin da ma'aurata suka samu bayan aure na tarayya ne in ba su rubuta wani sharaɗi ba, don haka bashin ɗaya kan iya cin abin da suka tara tare. Wanda ya ji irin wannan a bidiyon waya kada ya ɗauka hukuncin Maradun ke nan.

Akwai bashin da aure ke haifarwa da kansa, kuma hanya ɗaya yake bi, daga miji zuwa mata. Ci da sha da sutura da wurin kwana wajibi ne a kan namiji ko da matar ta fi shi abin hannu. In yana da hali ya ƙi, ta ciyar da kanta ko ta karɓo bashin hatsi don a ɗora tukunya, wannan yana wuyansa, kuma alƙali zai karɓar mata. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar maƙon Abu Sufyan wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka yi mata izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Sauran sadakin da aka ce "ajalan" a wurin ɗaurin aure shi ma bashi ne, ko da kunya ta hana a sake ambatonsa shekara ashirin. Malikiyya sun sassauta wa wanda babu ta kama da gaske: kwanakin da ba shi da ko ƙwandala ba a lissafa masa ciyarwarsu a matsayin bashi, sai dai matar tana da damar kai kuka gaban alƙali in ba za ta iya jurewa ba.

Samari, kada ku yi murna da wuri, kuma kada ku firgita. Atamfa da leshi da kwanukan da amaryarka ta karɓa wurin dillaliya don bikin ƙawarta, ba da saninka ba, ba naka ba ne. Zubin adashin da ta kwasa ta kasa ci gaba da zubawa, tsakaninta ne da uwar adashi. Amma buhun masarar da ta karɓo a watan da ka tafi ka bar gida ba cefane alhali kana da kuɗi a waya, wannan kai ake bi, ko da ita ce ta tsaya gaban mai awo.

To in haka hukuncin yake, me ya sa muke ganin mata na sayar da gado da katifa saboda bashin miji, maza na jinginar da gona saboda bashin mata? Sau da yawa amsar ita ce lamuni. Abin da ɗaurin aure bai ɗora maka ba, bakinka yana iya ɗora maka cikin minti ɗaya. Mai bin bashi ya ɗaga murya a ƙofar gida, maƙwabta sun fara leƙe, yarinya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, sai ta aika a ce masa, "Ya yi haƙuri, ni zan biya." Ita a ranta kore shi take yi don a rufa asiri. A wurin shari'a kuwa ta tsaya wa mijinta, in akwai mutum biyu da suka ji, an gama. Gobe in aka nemi mijin aka rasa, ko aka same shi ba shi da komai, ita za a kawo wa sammaci. Malikiyya sun ba miji ikon warware kyauta ko lamunin da matarsa ta yi in ya haura sulusin dukiyarta. Amma wannan kariya ba ta aiki a nan, domin wanda zai warware shi ne wanda aka tsaya wa, da yardarsa aka yi. In ta zo daga baya ta ce tilasta mata aka yi, sai an nemi hujja, kuma abin da aka yi a ɗaka da dare ba kasafai yake da shaida ba.

Lamunin zamani ma ya fi wannan saurin kamu, don shi ba ya buƙatar ki buɗe baki. Tun da aka kawo lambar BVN a 2014, kowane asusun banki yana manne da mutum ɗaya da zanen yatsunsa. Shirin rancen noma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya shigar da manoman shinkafa da yawa harkar banki a karon farko, ciki har da masu noman rani a ƙarƙashin madatsar Bakolori. A lokacin ana haɗa manoma rukuni-rukuni suna tsaya wa juna, a ba su iri da taki da magani, su biya da kaka. Irin wannan rance, ko na gwamnati ne ko na ƙaramin banki, sunan da ke kan takarda shi ake bi. Maigida ya ce, "Kawo lambarki a ƙara mana kaso ɗaya," a rubuta sunanki, a ɗauki hotonki, taki ya tafi gonarsa. In ambaliya ta cinye shinkafar, ko aka kasa zuwa girbi saboda daji ya ƙi shiguwa, a littafin banki ke ce kika ci bashi. Daga 1 ga Agusta 2020 kuma Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ya ciri kuɗinsa daga asusun wanda ya ci rance a kowane banki yake. Ranar da yayanki zai turo miki kuɗin magani daga Abuja, ranar za ki san abin da kika dangwala wa hannu. Haka yake ga saurayin da ya miƙa wa amarya wayarsa da katin ɗan ƙasarsa ta karɓi rancen manhaja da sunansa.

Masu rancen manhajar waya suna da wata ɗabi'a da ya kamata ku sani. In mutum ya makara, sai su bi lambobin da ke wayarsa suna aika saƙo, har su ce wa matarsa ko surukinsa wai an sa shi garanto. Ba a mai da mutum mai lamuni a bayan idonsa, a shari'a ko a dokar ƙasa. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a Maris 2022 saboda irin wannan cin zarafi. Wanda aka aiko wa irin wannan saƙo bai ci ba, bai tsaya ba, ba a binsa komai. Haka nan barazanar "zan sa a kama ki har sai ya fito". Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani a sashe na 36, kuma sashe na 32 ya hana kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Sanin wannan ba ya hana a zalunci mutum a ƙauye, na sani, amma wadda ta san haƙƙinta takan aika a kira wanta ko mai unguwa kafin ta kwance akuya.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce mace ta naɗe hannu tana kallo a tozarta uban 'ya'yanta ba, ban kuma ce namiji ya bar matarsa tana ɓuya a bayan ƙyaure saboda dillaliya ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gidan da ake bin mutum ɗaya kowa ba ya barci. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud mai sana'ar hannu ce, tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka yi mata bushara da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Abin da nake roƙonku shi ne duk abin da za ku miƙa, ku ambaci sunansa tun a lokacin. In kyauta ce, ki ce kyauta ce, ki cire ranki. In rance ne, ki ce rance ne, a sa rana. In lamuni ne, ki san iyakar kuɗin da kika tsaya a kai da wanda kika tsaya wa a gabansa. Rigingimun da ke cika kotunanmu bayan saki ko mutuwa, da yawansu daga kara suka taso: ta sayar da saniyarta ta ba shi, ita tana lissafin rance, shi yana lissafin taimakon zaman tare, ba wanda ya furta komai. Shekara biyar bayan nan ya ɗauko zancen ƙarin aure, sai saniya ta taso. Mukhtasar ya ba mace damar neman abin da ta kashe wa mijinta in ba da niyyar kyautatawa ta yi ba, amma niyya a zuci take, kuma alƙali shaida da rantsuwa yake nema.

Sai bashin da iyayenmu ba su sani ba a ƙuruciyarsu, wanda yanzu ya fi kowanne karya gida a wannan yanki, wato kuɗin fansa. Duniya ta ji labarin 'yan matan makarantar Jangebe 279 da aka kwashe a Fabrairun 2021, ta ji na ɗaliban Kaya a ƙaramar hukumar Maradun a Satumbar wannan shekarar. Ba ta jin labarin manomi ɗaya da aka ɗauke a bakin gonarsa, aka bugo waya da dare aka faɗi kuɗi da babur da katin waya. A irin wannan dare ba mai tunanin fiƙihu. Matar ta tuɓe ɗan kunnenta, ta kora tumakinta kasuwa, ƙanen mijin ya jinginar da gona, wani attajiri a gari ya cika sauran. Allah ya sa aka sako shi. Bayan wata uku, da masu zuwa jaje da barka suka ɗauke ƙafa, sai a fara tambayar da ba wanda ya so ya yi: wa ake bi?

Malamanmu na da sun taɓa wannan, a babin fansar wanda abokan gaba suka kama. Abin da Shehu Khalil ya tafi a kai shi ne, baƙon da ya fanshi mutum da kuɗinsa, ba da niyyar sadaka ba, yana da damar bin wanda aka fansa, mai hali ne ko talaka. Amma miji ko mata ko muharrami, in ya fanshi nasa yana sane da ko wane ne, ana ɗauka don zumunci ya yi, ba zai dawo ya bi shi ba, sai fa in wanda aka kama ɗin ne ya umarce shi ya kuma ɗauki alkawarin biya. Ku duba yadda wannan ya juya lissafi. Tumakin matar nan, in ba a yi wata magana ba, sun tafi ke nan. In kuma ita ce ta je gaban attajirin ta karɓo rance da bakinta, ita ce ta ci bashin, ko da ba ta taɓa ko sisi a ciki ba. Yadda za a ɗora wannan hukunci a kan abin da ke faruwa a dajinmu yau aikin alƙali ne da malamai, kuma kowace shari'a da yanayinta. Nawa dai shi ne in ce: a daren da ake haɗa kuɗin, a samu dattijo ɗaya cikin dangi da zai riƙe biro. Ya rubuta wane ya kawo nawa, wanne ne gudummawa, wanne ne rance, kuma a wuyan wa. Kada a bar yarinya 'yar shekara ashirin ta je karɓo bashin miliyoyi ita kaɗai don kawai ita ce ta fi kowa kuka. Wan mijin da baffansa su ne ya kamata su tsaya. Wanda irin wannan bashi ya danne kuma kada ya ji nauyin neman zakka. Masu bashi suna cikin kashi takwas da Suratut Tauba ta lissafa, kuma jihar nan tana da Hukumar Zakka da Wakafi, ban da masu fitar da zakkar hatsi a cikin gari.

In mutuwa ta zo, tsarin a fili yake, sai dai son zuciya ya rufe shi. Abin da mamaci ya bari, za a fara fitar da abin da ke jingine, a yi masa sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyya daga sulusi, sannan a raba gado. Ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun maimaita cewa rabo yana bayan wasiyya da bashi. Matar tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, amma daga abin da ya rage. In bashi ya cinye dukiyar duka, ba ta da gado, kuma ba a binta ragowar. Kayan ɗakinta da dabbobinta ba sa shiga lissafin tun farko. Tuhfa tana da fasali a kan saɓani game da kayan gida, inda abin da aka san na mata ne a al'ada ake bar wa mace in ba a kawo hujjar akasin haka ba. In ma tana bin mamacin sauran sadaki ko rance, ita ma layin masu bin bashi za ta shiga kafin a zo maganar tumuni. Na ga matan da ke cikin takaba suna jin kunyar faɗin wannan, dangin miji kuma suna jin daɗin shirun.

Bashin mamaci abu ne mai nauyi, shi ya sa ake shelarsa a bakin kabari. An taɓa kawo gawa gaban Manzon Allah, ya tambaya ko ana binta bashi, aka ce 'yan dinare ne kuma bai bar abin biya ba, sai ya ja da baya, har Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya, sannan aka yi sallah. Ku lura ba a aika a kira matar mamacin ba. Wani ne cikin jama'a ya ɗauka da ganin damarsa. Matar da ta ga tana da hali ta ce za ta sauke wa mijinta wannan nauyi, Allah ya saka mata, alheri ta yi. Wadda aka tsare da "ba za ki bari ya kwanta lafiya ba?" har ta sayar da keken ɗinkin da za ta ciyar da marayu da shi, an ci amanarta.

Ku da ba ku kai ga ɗaurin aure ba tukuna, kuna da damar da waɗancan suka rasa. Ana binciken asali, ana binciken sallah da sana'a, yanzu har gwajin jini ake yi, amma da wuya waliyyi ya tambayi saurayi nawa ake binsa. Ya kamata a tambaya, ba a gaban taro ba, tsakanin manya biyu ko uku. Yawancin ango yana shiga ɗakin amarya da bashin lefe da na gyaran ɗaki da na shinkafar walima, uban amarya kuma yana can da bashin gado da kujeru da gara. Ba ɗaya daga ciki da yake kan amarya, amma ita ce za ta ga cefane ya ragu tun kafin lallen hannunta ya goge. Saurayin da ya iya cewa, "Baba, ana bina dubu ɗari uku, zan biya bayan an cire albasa," ya fi wanda ya zo da motocin aro da bakin da ba ya faɗin komai.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware miji da mata ba. Takardar ba ta buƙatar lauya ko hatimi. Fallen littafin makaranta ya isa, da boko ko da ajami: wane ya karɓi kaza daga wance, rance ne, zai biya a wata kaza, ga sa hannunsa, ga shaidu biyu, ɗaya daga danginta ɗaya daga nasa. A ɗauki hotonta a waya a tura wa wanta ko kawunta, don takarda na iya ƙonewa ko ta ɓace ranar gudu. In maigida ya ce wannan rashin yarda ne, a kai maganar gaban liman ya karanta musu ayar tare.